Yadda Ake Aiki da Lasifikar Ginshiƙi a Wasan Makaɗa Cikin Ƙaramin Zaure

Lasifikar ginshiƙi doguwar lasifika ce siririya wadda aka jera ƙananan lasifikoki a cikinta, ɗaya bisa ɗaya, tun daga ƙasa har sama. Faɗin kowace ƙarama yakan kama daga inci 1.5 zuwa inci 4, kuma ana samun guda 6 har zuwa 32 a ginshiƙi ɗaya, gwargwadon samfuri. A irin wadda makaɗa ke yawo da ita, ginshiƙin yana zama ne a kan wani akwati mai nauyi da ke ƙasa. Cikin akwatin nan akwai wufa mai fitar da sauti mai kauri, da amfilifaya, sau da yawa har da ƙaramar miksa. Ana soka ginshiƙin a ramin da aka yi masa a saman akwatin, wuta da sauti su bi ta nan, babu buƙatar wata waya tsakaninsu, babu buƙatar ƙafar ƙarfe mai uku. Mutum ɗaya yana iya ɗauka, ya kafa, ya kunna cikin 'yan mintoci.

Wannan sauƙin ne ya fi jan masu saye, amma babban amfaninta yana wani wuri dabam: tana kai murya ga kunnuwan jama'a a sarari cikin ɗakin da ke da amsa-kuwwa. Tana kuma da iyaka, domin ba a yi ta don gasar ƙara da ganguna ba. Ƙungiyar makaɗan da ta san wannan iyaka takan samu sauti mai tsabta da kaya kaɗan. Wadda ba ta sani ba takan ƙare da kukan lasifika da muryar mawaƙi da ta nutse.

Asalinta

Dabarar ta girmi kiɗan zamani na dandamali. A farkon shekarun 1950 aka kafa irin waɗannan ginshiƙai a babbar majami'ar St Paul da ke Landan, inda amsa-kuwwa ke daɗewa har magana ta cakuɗe, aka kuma samu sauƙin jin mai wa'azi. Daga nan suka bazu a tashoshin jirgin ƙasa da wuraren ibada, kuma har yau ana ganinsu manne a jikin bango a manyan masallatai da majami'u. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Shure na Amurka ya fitar da Vocal Master, saitin ginshiƙai biyu da miksa, wanda ƙananan ƙungiyoyin makaɗa suka yi ta yawo da shi. Daga baya manyan akwatuna masu ƙaho suka ture shi, saboda kiɗa ya ƙara ƙarfi.

A 2003 kamfanin Bose ya farfaɗo da tsarin da samfurin L1, bisa tunanin cewa kowane makaɗi ya ajiye ginshiƙinsa a bayansa, shi da jama'a su ji abu ɗaya. Sauran kamfanoni suka biyo baya: JBL da EON ONE, Electro-Voice da Evolve 50, Yamaha da Stagepas 1K, RCF da Evox, LD Systems da Maui.

Yadda take aiki

Sauti kaɗawar iska ce, kuma yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ana auna yawan kaɗawarsa da Hz, ƙarfinsa kuma da desibel. Sauti mai kauri kaɗawarsa kaɗan ce, igiyarsa doguwa: a 100 Hz tsawonta ya kai mita 3.4. Siririn sauti igiyarsa gajera ce: santimita 34 a 1,000 Hz, santimita 3.4 a 10,000 Hz. Waɗannan alƙaluma su ne ke bayyana abin da ginshiƙi zai iya da abin da ba zai iya ba.

Lasifika ta gama-gari tana watsa sauti ta ko'ina a gabanta: sama, ƙasa, dama da hagu. Wanda ya tafi sama ya bugi silin ko rufin kwano ya dawo, wanda ya tafi ƙasa ya bugi tayil ya dawo, duka su iso kunne a makare su dagula na asali. Idan aka jera ƙananan lasifikoki a tsaye, sautin da suke fitarwa yana ƙarfafa juna a saitin gaba, yana kuma kashe juna a sama da ƙasa. Sai ya fita a baje, kamar ruwan tiyo idan mai ban-ruwa ya matse bakinsa da yatsa: faɗi ta gefe, siriri ta tsaye. Shi ya sa Evolve 50 ke rufe digiri 120 ta gefe amma 40 kawai ta tsaye, Stagepas 1K kuma 170 da 30, jerin L1 Pro na Bose yana kaiwa 180 ta gefe. Ƙarancin abin da ke bugun silin da daɓe shi ne dalilin da kalmomin waƙa ke fita tar a zauren da aka yi wa tayil da gilasai.

Amfani na biyu shi ne yadda ƙarfin sautin ke raguwa da nisa. Lasifika ta gama-gari tana rasa desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Wanda ke mita 16 yana jin abin da ya gaza na mai mita 1 da desibel 24, don haka sai an kurmantar da na gaba kafin na baya ya ji. Cikakken ginshiƙi yana rasa desibel 3 ne kacal a kowane ninki, wato 12 a wannan tazarar. Sai dai wannan falala tana tsayawa a wani nisa, kuma nisan ya dogara da tsawon jerin da kuma siririn sautin. Jeri mai tsawon mita 1 yana riƙe ta zuwa kusan mita 1.5 a 1,000 Hz, da kusan mita 6 a 4,000 Hz. Jeri mai mita 2 yana kaiwa kusan mita 6 a 1,000 Hz, da mita 23 a 4,000 Hz. Bayan nan sai ya koma halin lasifika ta gama-gari.

Darasi biyu ke cikin wannan lissafi. Na farko, tsawon da ake nufi shi ne na ɓangaren da ke ɗauke da lasifikoki, ban da sandar da babu komai a cikinta wadda ake sawa don ɗaga shi sama. Samfura da yawa tsayinsu ya kai mita 2, amma jerin da ke aiki bai kai mita 1 ba. Na biyu, sauti mai kauri ba ya cikin wannan tsari sam. Ƙasa da kimanin 200 Hz wufa ce ke ɗaukar aikin, ita kuwa tana watsawa ta kowane ɓangare, har baya.

Zaɓen wadda ta dace da ƙungiya

Tambayar farko ita ce irin kayan kiɗan da za a buga. Mawaƙi da fiyano, ko mai gurmi, ko mai kuntigi da 'yan amshi, ginshiƙi ɗaya yana isarsu a ɗakin mutum ɗari ko ƙasa da haka. Ƙungiya mai jita, jitar bes, fiyano da murya uku tana buƙatar biyu. Da zarar saitin ganguna na zamani ya shigo, lissafi ya canja, domin shi kaɗai, ba tare da makirufo ba, yana haura desibel 100 a kusa da shi, kuma dole murya ta hau samansa. A nan ana buƙatar samfura masu manyan 'ya'yan lasifika a ginshiƙi da babbar wufa.

Girman ƙananan lasifikokin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tushen muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, na mace tsakanin 165 da 255 Hz, jikin jita da na kalangu ma suna wannan yanki da sama da shi kaɗan. 'Ya'ya masu inci 1.5 ko 2 ba sa iya ɗaukar wannan kaurin da ƙarfi, sai wufa ta cike gurbin daga ƙasa. Masu inci 3.5, irin guda 8 da ke cikin Evolve 50, ko masu inci 4 na Evox 12, sun fi ba murya da jita nama. Wufa kuwa, mai inci 8 ko 10 ta magana ce da kiɗa mai laushi. Jitar bes, wadda tsirkiyarta mafi kauri ke kaɗawa a 41 Hz, da babbar gangar ƙafa suna neman inci 12 zuwa sama.

Kada adadin wat da aka buga a kwali ya ruɗi mai saye. Galibi ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, alhali sai an ƙara kusan desibel 10 kunne ke jin kamar ƙara ta ninka. Alƙalamin da ya fi amfani shi ne iyakar ƙarfin sauti a nisan mita 1, misali desibel 127 na Evolve 50 ko 130 na JBL PRX ONE, tare da sanin cewa abin da lasifikar za ta riƙe tsawon dare ya yi ƙasa da wannan sosai. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a tafi shago da makirufo da waƙar da aka sani, a ƙure sauti har fitilar gargaɗi ta fara ƙyaftawa, a ja da baya mita 10 a saurara.

A duba miksar da ke jiki kuma. L1 Pro tana da mashiga 3, PRX ONE tana da 7. Ƙungiya mai murya uku, fiyano, jita, bes, gangar ƙafa da kalangu ta riga ta cinye 8 ko 9. Irin wannan tana buƙatar miksa ta daban mai layi 12 ko 16, ginshiƙan su zama masu fitarwa kawai.

Inda ake kafa ta

Wurin ajiya ya fi kowane makunni tasiri, kuma tsari biyu ne. Na farko shi ne a ajiye ginshiƙi a bayan makaɗa, ya zama shi ne na jama'a, shi ne kuma monita, wato wadda makaɗa ke jin kansu da ita. Wannan yana yi wa ƙaramar ƙungiya mai sanyin kiɗa kyau ƙwarai, domin kowa yana jin abin da jama'a ke ji, sai ya daidaita hannunsa da kansa. Sharaɗinsa a bar tazarar mita 1.5 zuwa 2 tsakanin ginshiƙi da makirufo, kuma a kauce da shi gefe kaɗan don kada bakin makirufo ya kalle shi kai tsaye. Idan dandamali matsattse ne, ko ana son ƙara mai yawa, wannan tsari ba ya yi.

Na biyu shi ne a ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, a gaban layin da makirufo suke. Wannan ya fi ba da damar ƙara sauti ba tare da kuka ba, kuma shi ya dace da duk ƙungiyar da ke da ganguna. Saboda faɗin watsawarsu, makaɗa sukan ji wani abu daga gefe, amma mawaƙi zai buƙaci ƙaramar monita a ƙasa gabansa, ko ta kunne.

Tsayi shi ne abin da aka fi kuskurewa. Tun da sautin siriri ne ta tsaye, dole a saita shi da kunnuwan jama'a. Idan mutane a tsaye suke, jerin lasifikokin ya kamata ya fara daga saitin kafaɗa ya haura kawuna, in ba haka ba sahun farko zai shanye siririn sauti, na baya su ji gunguni kawai. Idan a zaune suke kan kujeru, kamar a dina ko taron ƙaddamar da littafi, kuma dandamalin ya kai mita 1, ginshiƙin da aka ɗora a kai da cikakken tsayinsa zai harba sauti ta saman kawunan na gaba ya je ya bugi bangon baya. Maganinsa a cire sanda ɗaya daga masu ƙara tsawo, ko a sauke akwatin ƙasa a gefen dandamali. Wasu samfura, irin su Stagepas 1K da L1 Pro16, an lanƙwasa ƙasan jerinsu don ya kalli sahun gaba, waɗannan sun fi jure dogon dandamali.

Faɗin watsawa yana da tasa illar. Ginshiƙin da aka manna da bangon gefe rabin sautinsa bango yake bugu. A janye shi aƙalla mita 1, a ɗan karkato fuskarsa zuwa tsakiyar zaure. Akwatin wufa kuma yana ƙara kauri idan ya kusanci bango, ya fi haka a kusurwa. Idan bes ya yi ƙaranci, matsawa kusa da bango yana taimakawa. Idan ɗaki yana ruri, a fitar da shi daga kusurwa kafin a taɓa ikwalaiza. Dandamalin katako mai rami a ƙasa shi ma yana ruri, gara wufa ta zauna a daɓen siminti.

Zaure mai tsawo, wanda ya haura mita 20, ya fi ƙarfin gajeren ginshiƙi. Maimakon a ƙure na gaba, a ƙara wata lasifika a tsakiya tana kallon baya, a jinkirta sautinta da kimanin kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa a kan kowace mita. Tazarar mita 15 tana neman kusan kashi 44. Idan aka ƙara 5 zuwa 10 a kai, kunne zai ci gaba da jin kamar daga dandamali sautin ke fitowa.

A wajen biki akwai abin da littafin kamfani ba ya faɗa. Lokacin liƙi jama'a sukan yi wa mawaƙi zobe, yara su jingina da ginshiƙi, mai ɗaukar hoto ya taka waya. Ginshiƙin dogo ne mara nauyi a sama, tura ɗaya tana iya karya mahaɗarsa. A kafa shi a daɓe mai daidai, a kare shi da tebur ko tukunyar fure, a bi da wayoyi ta jikin bango a liƙe su da tef.

Wayoyi da wuta

Daga miksa zuwa ginshiƙi ana amfani da waya mai baki uku ta XLR, wadda ke jure nisa ba tare da kwaso ƙugi ba. A tabbata mashigar lasifikar tana kan layi, ba kan makirufo ba, domin sautin miksa yana da ƙarfi, idan ya shiga ta ƙofar makirufo zai fashe. Fiyano da jitar bes su bi ta ƙaramin akwatin DI kafin su isa miksa. A ƙaramin zaure gara a aika sauti iri ɗaya ga ginshiƙan biyu, saboda wanda ke zaune a gefe ɗaya kada ya rasa abin da aka tura ɗaya gefen.

Duk kayan sauti su sha wuta daga tushe ɗaya. Idan miksa tana soket ɗin wannan bango, lasifika tana na wancan, sau da yawa sai a ji ƙugi mai kauri na 50 Hz wanda ba ya tafiya. Idan ƙugin ta fiyano yake shigowa, akwai maɓallin yanke as, wato wayar ƙasa, a jikin akwatin DI, shi ake dannawa. Ba a cire ƙafar as ta filogin wuta ko da wasa, domin ita ce ke tsare ran mai riƙe da jita idan waya ta lalace.

Inda ake aiki da janareto, kamar yadda aka saba a Nijeriya, a bar shi ya zauna daram kafin a jona kaya, kuma kada ya zama shi ne ke ɗauke da firiza ko na'urar sanyaya ɗaki, domin duk tashin kwamfiresa yana girgiza wuta. Amfilifayar waɗannan lasifikoki ba ta cin wuta kamar yadda adadin wat ɗinta ke nunawa, janareto mai kVA 2.5 da ke daidaita wutarsa yana ɗaukar ginshiƙi biyu da miksa da fiyano. Sitabilaiza mai kyau tana kare su daga hawa da saukar wutar gari. Ƙa'idar kunnawa ɗaya ce: lasifika ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa. Haka ma idan za a sauya daga wutar gari zuwa janareto.

Gwajin sauti

Ana fara gwaji da kayan da ba a jona ba. Mai ganguna ya buga, mai kalangu ya buga, mai jita ya kunna amfilifayarsa, mai haɗa sauti ya koma tsakiyar zaure ya saurara alhali ginshiƙai suna shiru. Abin da ya ji shi ne ƙasan da murya za ta hau. Idan tun a nan ɗaki ya cika, babu ginshiƙin da zai ceci waƙar. Sai a rage daga tushe: mai ganguna ya koma sirarran sanduna, a sa matashi cikin gangar ƙafa, a sassauta dukan faya-fayan ƙarfe, a ɗora amfilifayar jita kan kujera tana kallon kunnen mai ita don ya daina ƙara ta. Ƙungiyar da ke da ganguna na lantarki ta huta da wannan duka, kuma ita ce ta fi cin moriyar ginshiƙi.

Bayan nan sai a ba lasifika abin da ɗaki ya rasa kawai. Murya ce a gaba, sai fiyano, sai kayan da ba su da ƙarfi da kansu, irin su gurmi, molo, kukuma da kuntigi, waɗanda ake kusanto musu da makirufo zuwa 'yan santimita. Algaita da kakaki ba sa buƙatar komai a ƙaramin zaure. Kalangu ma sau da yawa ya wadatar da kansa, sai dai a ɗan taɓa shi don lanƙwasar muryarsa ta isa baya. A saitin ganguna, gangar ƙafa kaɗai ta isa a sa wa makirufo. Jitar bes gara ta dogara da amfilifayarta, a ɗan ƙara mata kaɗan ta wufa, don kada ta cinye ƙarfin da murya ke buƙata.

A kowane layi ana fara daidaita ƙarfin shigar sauti: mawaƙi ya rera da ƙarfin da zai yi a wasa, ba da raɗa ba, a murɗa makunnin har fitila ta tsaya a kore, tana taɓa rawaya lokaci-lokaci, ba ta kai ja ba. Sannan a yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz a layukan murya da jita, a bar wannan yanki ga bes da gangar ƙafa. Idan murya ta yi kamar daga cikin kwali take fitowa, a rage kaɗan tsakanin 200 da 400 Hz. Idan tana sukar kunne, a rage tsakanin 2,500 da 4,000 Hz, amma da sannu, domin a nan ne baƙaƙen kalmomi suke. Ragewa ta fi ƙarawa amfani kusan kullum.

Eko, wato amsa-kuwwar da miksa ke ƙara wa murya, yana buƙatar taka-tsantsan. Mawaƙa da dama sun saba da shi daga situdiyo, suna kuma neman a cika shi. Zauren tayil da siminti ya riga ya ba da nasa, ƙari a kai yana rushe ainihin abin da aka sayi ginshiƙi dominsa. A sa kaɗan, a kuma kashe shi duk lokacin da mawaƙi ko mai gabatarwa zai yi magana. Kafin a rufe gwaji, mai haɗa sauti ya zagaya gaba, baya da gefuna, ya zauna a kujera ya ji abin da mai zama zai ji. Ya kuma tuna cewa jikin mutane da tufafinsu suna shanye siririn sauti, don haka zaure in ya cika zai buƙaci ɗan gyara.

Kukan lasifika

Kuka yana tashi ne idan sautin lasifika ya koma cikin makirufo da ƙarfin da ya isa ya sake zagayowa. Ginshiƙi ya fi lasifika ta gama-gari jure wannan, domin ƙarfinsa ya rarrabu a kan 'ya'ya da yawa, amma bai kuɓuta ba. Magani mafi ƙarfi yana bakin mawaƙi: duk lokacin da ya rage tazarar bakinsa da makirufo da rabi, an samu ƙarin desibel 6 kyauta. Leɓe ya kusan taɓa ragar. Kowane ninki na yawan makirufo da ke buɗe kuma yana cinye desibel 3, don haka wanda ba a amfani da shi a rufe shi.

Riƙo ma yana da ƙa'ida. Makirufo irin Shure SM58 yana ƙin sautin da ke zuwa daga bayansa ne ta wasu ƙananan kafofi da ke ƙarƙashin ragar. Mai gabatarwa da ya dunƙule kan makirufo cikin tafinsa ya toshe kafofin, sai makirufon ya koma jin ko'ina, kuka ya tashi nan take. A riƙe shi a gindi. Mai makirufo mara waya kuma a nuna masa iyakarsa tun kafin taro, kada ya ratsa gaban ginshiƙi, kada ya saki hannu makirufo ya kalli monita.

Idan an gyara waɗannan duka, sai a koma ikwalaiza. A buɗe makirufo a wurarensu, a ƙara babban makunni a hankali har kuka ya fara tasowa, a gano adadin Hz ɗinsa da manhajar waya mai nuna sauti, a rage wannan wuri kaɗai da desibel 3 zuwa 6. A maimaita sau uku ko huɗu, a tsaya, sannan a sauko da babban makunni kaɗan. Wanda ya ci gaba da yanka zai kashe kukan tare da muryar.

Lafiyar kunne da kula da kaya

Tsabtar sautin ginshiƙi takan ɓoye ƙarfinsa. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ƙayyade desibel 85 na awa 8 a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 94 awa 1, 100 minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni ga wuraren nishaɗi, cewa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Makaɗan da ginshiƙi ke bayansu su ne suka fi kusa da shi, su ne kuma ke sha kullum. Kada a zaunar da yara da tsofaffi dab da lasifika.

Fitilar gargaɗi da ke zama ja tana nufin lasifika ta kai iyakarta, ƙara makunni daga nan zafi kawai yake ƙarawa. A bar wa bayan akwati sarari ya sha iska, kada a bar shi a rana. Ƙurar hunturu tana taruwa a mahaɗar ginshiƙi da akwati har sauti ya riƙa yankewa, sai a riƙa share ta da busasshen buroshi, a mayar da kowane yanki jakarsa bayan wasa. Ba a ɗaga saitin a haɗe, ba a kuma jan akwati ta hanyar riƙe ginshiƙi.

Lasifikar ginshiƙi kayan aiki ce ta zauren da bai wuce mutum ɗari biyu ko kusa da haka ba, da ƙungiyar da waƙa ce jarinta. Filin waje mai faɗi, ko kiɗan rawa da ake son bes ya daki ƙirji, aikin manyan akwatuna ne da wufa masu inci 18. A cikin iyakarta kuwa, idan aka saita tsayinta da kunnuwan jama'a, aka rage ƙarar dandamali, aka kusanto baki da makirufo, na kujerar ƙarshe zai ji kowace kalma ba tare da an cutar da na kujerar farko ba.